Filin Tambaya da Amsa: Ni wayarin nake so, Baba ya ce sai aikin ofis

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah a ba ni shawara. Ina ajin ƙarshe a makarantar fasaha ta gwamnati, ɓangaren lantarki, kuma wallahi ina son aikin nan har raina, burina in buɗe shagon haɗa sola a cikin Katsina in ɗauki yara. To Baba ya ce shi ɗansa ba zai ƙare a hawan tsani da filaya a aljihu ba, wai in yi JAMB in karanci abin da zai ba ni aikin ofis. Shin ma ana shiga jami'a da takardar NABTEB kuwa? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Marusa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi maka albarka. E, ana shiga. Takardar kammala makarantar fasaha, wato NTC, da hukumar jarrabawa ta NABTEB ke bayarwa ana karɓarta kamar WAEC da NECO, in dai ka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kuma a nan ne yaran fasaha da yawa ke samun matsala, sai yaro ya ƙware a wakshof amma ya yi wasa da Lissafi, to ka kiyaye.

Maganar Baba kuwa kar ka ga laifinsa, ya taso lokacin da mai kwali yake fitowa aiki na jiransa, tsoron talauci yake yi maka. Amma ni dai ba zan ce ka aje filaya ba, sam. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 janareto ya fi ƙarfin mutane, duba rufin shaguna da masallatai da asibitocin kuɗi ka ga fanel, masu cajin waya da masu ƙanƙara duk sola suke nema, su ma manoman rani sun fara komawa famfon sola. Aiki na nan, wanda ya iya ne ya yi ƙaranci.

Abin da ke damuna shi ne masu haɗawa da ka kawai. Za ka ga an ja soket da siririyar waya mai lamba 1.5 inda ya kamata a sa mai kauri 2.5, a jona firiza da dutsen guga, waya ta ɗau zafi har roba ta fara wari, ko a haɗa wa mutum inbata ba a lissafa nauyin kayan gidansa ba, kafin a je ko'ina batir ya mutu, kuɗi sun tafi, mai gida na Allah ya isa. Lissafin nan shi ne karatu ke ƙara maka, shi ya sa nake so ka yi JAMB ɗin, amma ka cike injiniyan lantarki. Ga Hassan Usman Katsina Polytechnic a gida, ga foli ta tarayya a Daura. Difloma shekara 2 ce, ka yi shekara 1 ta koyon aiki, sannan babbar difloma, wato HND, wata shekara 2, in kuma digiri kake so bayan difloma akwai hanyar DE, wato shiga kai tsaye, ka shiga aji 2 a jami'a. Daga nan har rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, kana iya nema. Ka ga Baba ya samu kwalinsa kai kuma sana'arka na hannunka.

Kar ka yi musu da shi gaba da gaba. Samu kawunka ko malaminka na wakshof da yake jin nauyinsa, su zauna su yi masa wannan bayanin.

Shago kuma kar ka yi gaggawa. Nemi oga mai amana ka riƙa binsa Asabar da Lahadi da lokacin hutu, a can za ka koyi abin da ba a koyarwa a aji, yadda ake lissafa kuɗin aiki, inda ake sayen kaya masu kyau, da yadda ake bin kuɗi wurin wanda ya ce ka dawo gobe. Ka fara tara kayan aikinka ɗaya bayan ɗaya, mita da tasta da diril, sannan ka yi jarrabawar gwajin sana'a, wato Trade Test, ta Ma'aikatar Ƙwadago, kamfanoni na tambayarta. Kuma duk folin da za ka cike, ka fara tabbatarwa hukumar NBTE da ke Kaduna, mai kula da foli-foli, ta amince da kwas ɗin kafin Baba ya biya ko sisi.