Ɗiyata tana tumbiɗi ba ta ƙaruwa, ga azumi ya ƙarato

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni mai shayarwa ce, a unguwar Zariya nake zaune nan Maradi. Ɗiyata watanta huɗu. Tun tana da sati uku, duk sanda ta sha nono sai ta dawo da shi, wani lokaci har ta hanci, ta riƙa banƙarewa tana kuka, ta ƙi kama nonon. Da kilo 3 aka haife ta. Wancan satin da muka je awo aka ce kilo 4 da rabi take, kuma tun watan jiya ba ta ƙaru ba. Uwar mijina ta ce hakin wuya ne, a kai ta wajen wanzami a cire, in kuma ba haka ba a ba matar wan mijina ta shayar da ita, wai nonona ne bai karɓe ta ba. Ga azumi saura ƴan kwanaki, ni kuwa ban taɓa shan azumi ba sai da uzurin mata. Tufafina ma kullum cikin tumbiɗi suke, har ina shakkar sallata. Malam, mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ta lafiya, ya raya miki ita.

Kin tambayi azumi da salla, amma zan fara da abin da ya fi su gaggawa. Yarinyar nan likita take buƙata, kuma a cikin satin nan. Kai ta wajibi ne a kan mahaifinta, domin lafiyarta tana cikin haƙƙin da Allah ya ɗora masa, kamar ci da sha da sutura. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce bayin Allah su nemi magani, don Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ban da tsufa. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi daga Usama ɗan Sharik.

Tumbiɗi shi kaɗai ba abin tsoro ba ne. A inda maƙogwaro ya haɗu da tumbi akwai wata tsoka da ke tsuke bakin tumbin bayan abinci ya wuce. A jikin jariri ba ta gama ƙwari ba, ga abincinsa ruwa ne zalla, ga shi yawanci a kwance, shi ya sa nono yake dawowa. Abin yakan tsananta wajen wata huɗu, ya lafa idan yaro ya fara zama, mafi yawansu kuma sun rabu da shi kafin su cika shekara. Jariran da ke tumbiɗi suna dariya suna ƙiba ba su da iyaka. Taki ta bambanta da su ta wuri ɗaya, wato ma'auni. Yaro yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, ita kuwa ta yi nisa da haka, kuma ta tsaya cak wata guda. Wannan ba a zauna masa a gida. Ki koma inda aka yi mata awo da katinta, ki faɗa musu duk abin da kika faɗa mini, ki roƙi su kalli yadda take kama nonon, in sun tura ku babbar likita ku tafi. Idan kuwa kika ga aman ya zama kore, ko da jini a ciki, ko yana fita da ƙarfi kamar an watsa shi, ko maɗigarta ta faɗa, ko fitsarinta ya ragu, ko jikinta ya yi zafi ta saki, to ko da tsakar dare ne a tafi da ita.

Kafin nan, ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada ki bari sai ta galabaita da yunwa sannan ta cika ciki lokaci guda. In ta gama ki ɗora ta a kafaɗa ta yi gyatsa, ki riƙe ta a tsaye kamar minti 20 zuwa 30. In za ta yi barci ki kwantar da ita rigingine. Kada a ba ta ruwa ko jiƙo ko dauri kafin wata shida, zuma kuwa sai ta cika shekara. Na san za a kawo rubutu. Ki shanye abinki ke da kanki, ita a yi mata tofi da Fatiha da Falaƙi da Nasi, ya wadatar.

Batun hakin wuya kuwa, bai halatta a cire mata shi ba. Al'adar ta daɗe a ƙasar Hausa, na sani, kuma da yawa cikinmu an yi mana muna ƴan kwana bakwai, amma daɗewar abu ba ta mayar da shi shari'a. Matan Madina ma suna da makamancinta. Idan yaro ya kamu da ciwon maƙogwaro da suke kira uzra, sai uwa ta zura yatsa ta danna wurin. Ummu Ƙais ƴar Mihsan ta shiga wajen Annabi da ɗanta bayan ta yi masa haka, sai ya yi mata inkari. A hadisin Anas kuma ya ce kada a azabtar da yara da wannan dannawa. Duka biyun suna cikin Buhari da Muslim. To in danna wurin da yatsa an kira shi azabtarwa, ina ga yanke tsoka da ƙarfe? Wani zai ce ai a hadisan an yi nuni da ƙusɗul hindi, wata saiwar magani. Haka ne, amma don ciwon maƙogwaro aka ambace shi, ciwon ɗiyarki kuwa a bakin tumbi yake, kada a ɗura mata komai a hanci ko a baki da sunan sunna.

Kuma ko an cire hakin wuyan tumbiɗin yana nan, tunda ba daga can yake tasowa ba. Abin da za a ƙara mata shi ne zubar jini, da hatsarin ciwon tetanus mai sandarar da jiki in ƙarfen ba tsabta, da raɗaɗin da zai hana ta tsotso kwana da kwanaki. Yarinyar da ba ta da kilo biyar, ina ta ga jinin zubarwa? Ƙa'idar shari'a ita ce ba cuta ba cutarwa, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Shi ma wanzamin ya sani, hadisi ya zo cewa wanda ya yi aikin magani alhali ba a san shi da saninsa ba, to lamuni yana kansa.

Sai dai kada ke ki tsaya jayayya da surukarki. Jikarta ce, tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa. Maigidanki ne zai same ta ya lallashe ta, in da hali ma a tafi likitar da ita ta ji da kunnenta. Biyayya ga uwa wajibi ce, amma ba ta kai ga a cutar da jinjira ba.

Yanzu azumi. Mai shayarwa ba a ce ta sha azumi don kawai tana shayarwa ba, mata da yawa suna yi lafiya lau, su da ƴaƴansu. Abin lura shi ne tsoron cutuwa. Anas ɗan Malik Alka'abi ya ruwaito cewa Allah ya ɗauke wa matafiyi rabin salla, ya ɗauke azumi ga matafiyi da mai ciki da mai shayarwa. A Risala, Ibnu Abi Zaid ya ce mai shayarwa in ta ji wa ɗanta tsoro, ba ta samu wadda za a ɗauka ta shayar da shi ba, ko ya ƙi karɓar wata, to ta sha azumi ta ciyar. Malamanmu na Malikiyya sun kasa tsoron gida biyu. In ƙaruwar rashin lafiya ake tsoro, shan azumin halas ne. In halaka ake tsoro ko cuta mai tsanani, shansa ya zama wajibi, kamar yadda Halil ya faɗa a Muhtasar.

Ke a gida na biyu nake ganinki. Ɗiyarki ba ta da wani abinci sai nononki, abin da ta sha ma wani sashe yana dawowa, kuma maganinta shi ne a ba ta sau da yawa dare da rana. Uwar da ta wuni ba ruwa a zafin garin nan ga rashin barci, da wuya ta jure wannan. Don haka kada ki ɗauki azumin bana har sai masu awo sun tabbatar ta kama ƙaruwa, sun kuma ce azuminki ba zai taɓa ta ba. Ki cire wa ranki cewa wannan raunin imani ne. Wanda ya wajabta azumin shi ne ya ce, a aya ta 233 ta Baƙara, kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kuma shi ya yi wannan rangwame.

Abin da ke kanki biyu ne a mazhabarmu: ramuwa, da ciyar da miskini ɗaya mudu guda a kan kowace rana. Mudun Annabi ake nufi, wato cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum, ba tiyar kasuwa ba, daga abin da aka fi ci a gari, hatsi ko dawa ko shinkafa. In maigidanki ya fitar miki da saninki, ya isar. Shafi'iyya da Hanbaliyya ma haka suka ce ga wadda ɗanta take ji wa tsoro, Hanafiyya kuwa ramuwa kawai suka ɗora mata, don haka wadda ba ta da abin ciyarwa kada ta takura kanta. Ramuwar tana da lokaci har zuwa Sha'aban mai zuwa, kuma ba dole ba ne a jere.

Maganar cewa nononki bai karɓe ta ba, ba ta da tushe, kada ki yaye ta a kanta. Ba wa wata ta shayar halas ne, Alƙur'ani ya ambace shi a surar Ɗalaƙ, amma tsokar bakin tumbi ba ta san nonon wance da na wance ba, za ta dawo da shi kamar yadda take dawo da naki. In likita ya ga buƙatar ƙari, ko na wata mace ko madarar gwangwani, sai a bi maganarsa, a kuma fara duba lafiyar mai shayarwar. Ku sani kuma, a wajen Malikiyya tsotso ɗaya tak da ya isa ciki a cikin shekara biyun farko yana haramta aure, ko da ta tumbiɗa shi daga baya. Daga ranar, ƴaƴan matar wan mijinki da duk ƴaƴan mijinta sun zama ƴan'uwan ɗiyarki. A gidajen da ake auren zumunci wannan ba wasa ba ne, a rubuta a ajiye, a sanar da manya. An sha kawo mana irin wannan bayan an riga an ɗaura aure.

Tufafinki kuwa da sauƙi. Tumbiɗin da ya dawo yana nan a kamanninsa na nono tsarki gare shi, ki yi salla da shi ba komai. Wanda ya canza, ya yi tsami ko wari, shi ne najasa, a wanke inda ya taɓa kawai. Ko fitsarin jinjiri da kashinsa ma an yi wa mai shayarwa afuwa a kan abin da ya fi ƙarfinta matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, an dai so ta ware tufa ɗaya don salla. Ki keɓe zane da hijabi guda, ki rataye su inda ba ta kaiwa. Sallolin da kika yi a baya ba sai kin sake su ba.

Wallahu a'alam.