Amsa ga mai tambaya kan askin kai da hijabi a sakandare

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kwamfutar da ke raba ɗalibai zuwa makarantun sakandare a Gana ta jefa 'yarki makarantar mishan ta kwana, takardar kayan da aka ba ku ta ce a aske gashi, ba a ambaci hijabi ba, yarinya kuma sai kuka take. Kina tambaya ko ki canza mata makaranta. Na kai 'ya'yana mata sakandare daga nan unguwar Aboabo a Kumasi, ga abin da na gani.

Ki raba maganar gida biyu, domin aski daban, hijabi daban.

Askin nan tsohuwar al'ada ce a makarantun gwamnatin Gana, Musulma da Kirista duk ana yi musu. Hujjarsu ita ce kitso na cin lokaci, kuma kada 'yar mai kuɗi ta fi 'yar talaka ado. Ni dai ban taɓa gamsuwa ba. Yaran makarantun kuɗi suna zuwa da kitsonsu, ba su kasa karatu ba. A 2021 makarantar Achimota da ke Akra ta ƙi karɓar yara biyu 'yan Rasta saboda gashinsu, babbar kotu a Akra ta ce dole a karɓe su. Amma wannan hukunci bai soke aski a sauran makarantu ba, kada wani ya ruɗe ki da shi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ake yin askin. Na ga yarinya a bakin ƙofar makaranta, akwatinta a gefe, ana datse mata gashin da ta shekara tana tattali, mutane na kallo. Wallahi wannan ba tarbiyya ba ce. Idan har kun yarda za ta je, ki zaunar da ita a gida, ki bari ta faɗi abin da ke ranta, kada ki ce mata ai gashi ne kawai. A wajen budurwa 'yar shekara 15 ba "kawai" ba ne. Ta zaɓi ranar da kanta, a yi mata a ɗaki, ke kina kusa.

Hijabi kuwa addini ne, kuma tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin addininsa. Sai dai makarantun mishan da yawa suna riƙe da dokokinsu, kin tuna hayaniyar da aka yi a 2021 da makarantar mishan ta Wesley Girls ta hana ɗaliba Musulma yin azumi. Don haka kada ki tsaya ji daga bakin maƙwabta. Ki je da babanta ko wani malami mai natsuwa, ku ga shugabar makarantar, ku tambaya dalla-dalla: ɗan mayafi kalar yunifom, tsawon siket, wurin salla, sahur. Wata shugabar tana da sauƙin kai idan an zo mata da ladabi, wata kuwa ko kusa.

In sun ƙi, kuma yarinyar ta ce ba za ta iya zama kai buɗe ba, ki nemi canji tun kafin zango ya yi nisa. Ga makarantun Musulunci nan Kumasi, Islamic Senior High da Sakafia. Ki fara da ofishin ilimi na yankinku, ki riƙe takardar sakamakonta da ta gurbin da aka ba ta. Allah Ya yi mata albarka, Ya ba ta sa'a.