Kafin ka nemi gurbin karatu, gina dandalin gwajinka

Ƙanena, na ga saƙonka da hotunan da ka haɗo, kana tambaya ko sun isa ka nemi gurbin karatun zanen kwamfuta da su a nan ƙasar waje. Hannunka yana da kyau. Amma abu ɗaya ya tsaya min a rai: ƙarfen da ka yi yana cikin hasken faɗuwar rana, katakon yana ɗaki mai duhu, gilashin kuma a gaban farin bango. To yaya mai dubawa zai gane ko matiriyal ɗin, wato saitin da ke sa abu a kwamfuta ya yi kama da ƙarfe ko katako ko gilashi, shi ne ya yi kyau, ko haske ne ya rufa masa asiri?

Ni ma da wannan halin na iso. A zangona na farko na kai wata fatar kujera da nake ji da ita, malamin bai ce uffan ba, ya sa ta a dandalin gwajin ajin. Nan take ta koma roba.

Dandalin gwaji fayil ɗaya ne da ba ka taɓa kyamararsa ko haskensa, abin da ake gwadawa kaɗai ke canzawa. Tsohuwar dabara ce. Akwatin Cornell, wani ɗan ɗaki da ake gwada lissafin haske a kwamfuta da shi, tun 1984 yake, an yi wa bangayensa launi daban-daban don a ga yadda launi ke fallatsa daga bango zuwa abin da ke kusa. Butar shayin Utah kuwa, siffar buta ta gwaji wadda masanin kwamfuta Martin Newell ya ƙera cikin kwamfuta a 1975, ta daɗe ne saboda tana da lanƙwasa da hannu da baki, har tana yi wa kanta inuwa.

Naka ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, manhajar zane ta Blender ta wadatar. Ka sa ƙwallo mai tsagi da kaifin gefe, domin lafiyayyen ƙwallo yana ɓoye aibi. Gefensa ka ajiye ƙwallo ruwan toka mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske, da wani mai sheƙi kamar madubi. Na tokan zai gaya maka ko hasken ya yi yawa, na madubin ya nuna daga ina yake zuwa. Ƙasan ka yi masa gida-gida da awo na gaskiya, a ce kowane gida santimita goma. Kada ka raina wannan: fata da kakin kyandir haske na shiga cikinsu kafin ya fito, idan girman abin ya kuskure, duk lissafin ya rushe. Haske biyu na HDRI, wato hoton kewaye da ake haska abu da shi, sun isa, ɗaya mai laushi, ɗaya na rana mai kaifi.

Wanda na fi so shi ne gwajin tanderu. Ka kewaye abin da farin haske iri ɗaya ta ko'ina, ka mai da launinsa fari sol. Idan lissafin ya yi daidai, abin zai ɓace, ya saje da bayansa. Idan ya yi duhu, yana cinye haske. Idan ya fi kewayensa haske, yana ƙirƙiro wanda ba a ba shi ba, abin da ba ya faruwa a zahiri.

Ka mayar da ƙarfen, katakon da gilashin cikin dandali ɗaya ka sake turo min. Katakon nake zargi, ina ganin ka cika masa sheƙi.