Amsa: Ƙaramar na'urar gwajin ruwa za ta iya gano dalma a rijiya?

Malam, ka tambaya ko na'urar nan ta takarda mai siraran hanyoyin ruwa za ta nuna maka gubar dalma a rijiyar garinku. Za ta iya, amma a matsayin gwajin farko kawai. Ɗigo ɗaya ake sa mata, ruwan ya bi hanyoyin da aka shata da kakin zuma har ya isa wurin da aka ɗiga sinadari, launi ya sauya idan akwai dalma. Masu bincike a Jami'ar Harvard suka fito da irin wannan ta takarda a 2007, don wuraren da babu ɗakin gwaje-gwaje.

Sai dai kada ka ce ruwa lafiya lau yake don launi bai sauya ba. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce maikrogiram 10 na dalma a lita ɗaya ta ruwa (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), kuma da yawa daga cikin na'urorin da ke aiki da sauyin launi ba sa kama ɗan wannan adadi. Ni da na gwada su, ruwa mai laka ya sha ɓata min sakamako, zafi kuma yana lalata sinadarin, don haka tace ruwan tukuna, sannan ka aika samfuri ɗakin gwaji a tabbatar. In kuwa ana niƙa dutsen zinare a garinku, a gwada ƙasar tsakar gida ma. A Zamfara a 2010, yara fiye da 400 suka rasu sanadin gubar dalmar da ke cikin dutsen zinaren da ake niƙawa, kuma akasarin gubar daga ƙura da ƙasar gidaje ta shige su.