Kifina shuɗi ya koma rawaya, wane iri ne?

Tambaya: Na sayi ƙananan kifaye huɗu, shuɗaye masu baƙin ratsi a tsaye, na zuba su a akwatin gilashi. Mai sayarwa ya ce sikilid ne na Afirka. Yanzu ɗaya ya koma rawaya, kuma ya addabi sauran da kora. Wane iri ne, ko kuwa ciwo ne?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, lafiyarsa ƙalau. Bisa kwatancenka, kenyi ne, wanda masana ke kira Maylandia lombardoi, ɗan Tafkin Malawi. Dukansu da shuɗi suke tasowa, sai namiji ya balaga ya rikiɗe rawaya, mace kuwa ta zauna da shuɗinta. Namiji ke nan ya bayyana a cikinsu.

Abin da mai sayarwa ya faɗa maka bai isa suna ba, don sikilid sunan dangin kifaye ne, kuma Tafkin Malawi kaɗai na da ɗaruruwan nau'insu. Ko karfasar da muke soyawa ai 'yar wannan dangi ce. Za ka gane dangin da ƙofar hanci guda a kowane gefe, da layin gefen jiki da ya yanke gida biyu, da doguwar ƙayar baya mai tsini a gaba, taushi a ƙarshe.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne tsakanin kenyi da wani sikilid na wannan tafki mai suna Labidochromis caeruleus. Shi wannan da rawayarsa yake tun yana ɗan mitsitsi, mace da namiji, ga baƙin layi kwance a ƙayar bayansa, kuma bai cika faɗa ba. Namijin kenyi kuwa, in ka dube shi da kyau a haske, sau da yawa za ka ga burbushin ratsin yarintarsa. Shi ya sa ba na yarda a yanke hukunci da launi kawai. A duba siffar baki, da kwanciyar ratsi, da yadda kifin yake tun yana ƙarami.

Korar nan ita ta fi damuna, domin kenyi na iya kashe ɗan'uwansa. Ka jera duwatsu masu ramuka inda za su ɓuya, ka bar namiji ɗaya tak da mata uku ko fiye. In wani ya fara yin rawaya, raba su da wuri. Ranar da ka ga wata ta daina cin abinci, maƙogwaronta ya kumbura, kada ka taɓa ta. Ƙwai ta ƙunsa a baki, kuma za ta riƙe su kusan mako uku.