Tambaya da Amsa: Me ya kai dokar Rumawa kotunan Afirka ta Kudu?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibin lauya ne ɗan aji biyu, malaminmu ya ce Afirka ta Kudu ba dokar Ingila suke bi irin tamu ba, wai tasu ta Rumawa ce da ta mutanen Holan. Abin ya ɗaure min kai gaskiya, ba Ingila ce ta mulke su ba kamar yadda ta mulke mu? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗalibi, Allah ya ba da sa'ar karatu. Malaminka gaskiya ya faɗa maka, Ingila ta mulke su amma fa ba ita ta fara zuwa ba. A 1652 ne Jan van Riebeeck ya sauka inda ake kira Cape Town yanzu, kamfanin kasuwancin Holan ne ya turo shi ya kafa zango inda jiragen ruwansu masu zuwa gabas za su riƙa tsayawa su ɗebi ruwa da nama da ganye. To da zango ya zama gari dole a yi shari'a, sai suka ɗauko dokar lardinsu na Holan suka ci gaba da ita.

Ita kuma dokar Holan ɗin ai ba tasu ba ce zalla. Sarkin Rum Jastiniyan ya sa an tattara fatawoyin manyan masana shari'ar Rumawa cikin littattafai 50, aka gama a 533, bayan ɗaruruwan shekaru jami'o'in Turai suka farfaɗo da karatunsu, malaman Holan suka gauraya su da al'adun garuruwansu. Ɗaya daga cikinsu, Hugo Grotius, yana tsare a kurkuku ya rubuta littafinsa kan dokar Holan wanda aka buga a 1631, mutumin da a cikin akwatin littattafai aka fitar da shi daga kurkukun ya tsere. Sai Johannes Voet da ya yi dogon sharhi a 1698 da 1704, wanda har yau in magana ta yi wuya alƙalan Afirka ta Kudu sukan koma su buɗe shi.

Da Ingila ta ƙwace wurin a 1806 ba ta soke dokar ba, don ƙa'idarsu ita ce ƙasar da aka ci da yaƙi tana nan kan dokarta har sai sabon mai mulki ya canza ta. Kai da kake Zariya ai ka san wannan, haka suka bar kotunan alƙalai a Arewa bayan 1903. Sai dai ba su zauna haka kawai ba, daga 1827 sun sauya fasalin kotuna, tsarin gabatar da ƙara da karɓar shaida da bin hukuncin kotun sama duk suka koma irin na Ingila, daga baya dokar kamfanoni ma ta bi sahu. Amma mallakar gida da gona, yarjejeniya, gado, diyyar ɓarna, waɗannan tushensu na Rum da Holan ne. Abin mamaki ita Holan ɗin kanta ta ajiye wannan doka tun 1809 zamanin Napoleon.

Bari in nuna maka a aikace. Kana haya a Johannesburg, yarjejeniyarka saura wata takwas, mai gida ya sayar da gidan. A tsohuwar dokar Rumawa wanda ya saya yana iya cewa ka kwashe kayanka, kai kuma ka je ka nemi diyya wajen wanda ya ba ka hayar. Mutanen Holan suka ce a'a, haya ta riga ciniki, sabon mai gida ya gaji ɗan haya da sharuɗansa, in dai kana biyan kuɗinka ba mai ɗaga ka sai lokaci ya cika. Wannan ake bi a can har gobe, kuma ni a ganina adalci ne sosai. Haka aure, in ma'aurata ba su rubuta yarjejeniya kafin ɗaurin aure ba to dukiyarsu ta zama ɗaya, har bashin ma na tare ne.

Kar kuma ka ɗauka komai nata mai kyau ne, a ƙarƙashinta aka yi bauta a Cape, wato yankin Cape Town, kuma an daɗe ana danne dokokin gargajiya na Zulu da Xhosa da sauransu, abin da ba ƙaramin zalunci ba ne. Tsarin mulkin 1996 ne ya hau saman kowace doka, ya kuma wajabta wa kotuna aiki da dokar gargajiya inda ta dace.

Tambaya: Malam su kaɗai ke bin wannan doka? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a 'yar'uwa, akwai Namibiya, Botswana, Lesotho, Eswatini da Zimbabwe, duk ta hanyar Afirka ta Kudu ta same su. Sri Lanka ma tana nan da ita tun zamanin da Holan ke riƙe da gaɓar tsibirin, amma Guyana ta yar da mafi yawanta a 1917 ta koma dokar Ingila.