Me Ya Sa Muryar Mawaƙin Opera Ke Nisa A Rediyo?

Tambaya: Ina sauraron opera, amma muryar mawaƙi takan cika kunne, can kuma ta yi nisa. Laifin rediyona ne?

Amsa: A'a, malam. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da waƙa tare da kiɗa. Yawanci daga dandamali ake watso wasan kai tsaye, kamar yadda gidan opera na Metropolitan a New York ke yi tun 1931. Mawaƙin ba ya riƙe makirufo. Ana jera na'urorin ɗaukar murya ne a bakin dandamali da cikin ramin da makaɗa ke zama a gaban dandamalin, don haka da mawaƙin ya juya baya ko ya ja ciki, murya sai ta ragu. Kiɗan ma haka aka tsara shi, wani wuri raɗa, wani wuri tsawa. Ka daidaita ƙarar lokacin da kiɗa ya fi ƙarfi, ka bar ta haka. Cikin mota kuwa, ƙugin inji kan haɗiye sassan raɗar.